Kwana Biyar Giddo Bai Zaga Ba

"Wa alaikumus salam. Au, ke ce? Na ce a kira min likita, aka turo min mai gyaran gadon asibiti."

"Ni ma mara lafiya na ce a nuna min, aka nuna min tsohon buhu. Ina kwana, Giddo?"

Ni na kira ta, don wallahi na gaji. Mahaifina, Haj Abdulmaujud, shekararsa saba'in da tara, kwana biyu ke nan yana dafe da ciki yana nishi, in na tambaya sai ya ce tasbihi yake yi. Rabab 'yata ce, nas ce a nan Damanhur ta ƙasar Masar, kuma duk zuriyarmu ita kaɗai ke gasa wa kakanta magana ta kwana lafiya; Giddo take ce masa, wato kaka a Larabcinmu. Tsorona ɗaya ne. Tun da mahaifiyarmu ta shiga asibiti bara ba ta fito da rai ba, ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka wurin ba. In ciwon nan na asibiti ne, ban san yadda zan yi da shi ba.

"Yaushe rabonka da bayan gida?" in ji Rabab.

"Ji rashin kunya! Shi ya sa har yau ba wanda ya zo neman aurenki."

"Kai ka tsare ƙofa, kana cewa ni amaryarka ce. Kwana nawa?"

"Ban ajiye littafi a kai ba."

Na ce, "Biyar."

Ya harare ni. "Ke kuma ashe ɗan sanda na haifa."

"Amai fa? Zazzaɓi? Ka ga jini?" in ji Rabab.

"Babu, babu, babu. Ko kina so a samu ne ki gaji galabiyata?"

"Wannan tsumman? Ko goge tayil ba zan yi da shi ba. Me ka ci jiya?"

"Gurasa da cuku. Da gwaiba uku."

"Miyar lalon da Mama ta dafa fa?"

"Ba haƙori ne ba ni da shi ba, da zan zauna ina shan yauƙi."

"Ruwa kofi nawa?"

"Shayi biyu."

"Ruwa na ce, Giddo."

"Shayin da yashi ake dafa shi?"

Kai, wannan tsoho! Sai da muka yi da gaske ya kwanta rigingine ya tanƙwashe gwiwa. Ta ɗage galabiyar ta ƙura wa cikin ido, ya ɗan kumbura. Sannan ta ɗora abin sauraronta.

"Wayyo sanyi! Daga firji kika ciro shi? Ki danna mana ki gama."

"Sai na saurara kafin na taɓa. In na fara dannawa hanjin zai ruɗe, ya yi min ƙarya irin ta mai shi. Yi shiru."

"Me suke cewa?"

"Sun ce a canja musu gida."

Ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta bi cikin a hankali tana kallon fuskarsa. Da ta kai ƙasan cibiya ta hagu, ya cije leɓe.

"Da zafi?"

"Farcenki ne."

"Ba ni da farce. To saura tambaya ɗaya. Iska na fita?"

Ya tashi zaune kamar an tsikare shi. "Wace iska?"

"Tusa, Giddo."

"A'uzu billahi! Ni? Duk masallacin unguwar nan an sani, alwalar Asuba ita ke kai ni Isha'i. Shekara talatin! Je ki tambayi liman."

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa kullum nake kwashe tulun ruwansa a cike. Ashe ƙishirwa yake zama da ita don kada a ga ya tashi sake alwala. Raina ya ɓaci.

Rabab ta daina murmushi. Ta ciro waya.

"To shi ke nan. Mama, haɗa masa kaya."

"Kayan me?"

"Ciki ya kumbura, kwana biyar ba bayan gida, iska ma ba ta fita. Hanji ya toshe ke nan, kuma wannan ba a wasa da shi a gida. Yanzu zan kira motar asibiti."

"Ajiye wayar nan, 'yar nema."

"In tana fita, taurin bayan gida ne, zan gwada maka ruwa da miya da tattaki da magani mai sauƙi, in dawo gobe in duba. In ba ta fita, ko kana kuka sai na kai ka. Ba zan rasa ka saboda yabon 'yan masallaci ba."

Ya kalli waya, ya kalli silin, ya kalle ni.

"Ke fita."

"Ba inda za ni, Baba."

Ya ja dogon numfashi. "Takan... ɗan leƙo."

"Yaushe?"

"Jiya sau biyu. Yau da hantsi sau ɗaya. Nakan lallaɓa in sake alwalar in uwarki ta hau sama shanya."

"Shekara talatin ɗin fa?"

"Shekara talatin ina lallaɓawa."

Rabab ta zube a kan kujera tana dariya har da hawaye. Ni kuwa hamdala nake yi, ina jin kamar in rufe shi da faɗa. Ya yi ta maza ya ɗaure fuska, ya kasa, ya tuntsire da dariya yana riƙe da ciki. Yana cikin dariyar ce abin ya kufce masa, da ƙarar da ko mai gurasa a ƙasan bene sai ya ji.

"Ga shaidarki nan, amarya," in ji shi, yana share ido. "Kin ci. Miƙo ruwan, kofi babba."