Yadda Za Ka Ƙwace Wa 'Yarka Mulkin Misira Girmanka Bai Zube Ba

Kai magidanci, an ba 'yarka aikin gida na wasan waya, ta gina garin Misirawan dā ta ciyar da su har Litinin, kai kuma ranka ya biya? Bi matakan nan, nasara tabbas ce. Malam Sodangi na Gidan Igwai ya gwada su a kan 'yarsa Zakiyya.

1. Ɗaure fuska.
Kada ka ce kana son wasa. Dattijo ba ya wasa, bincike yake yi. Sodangi leƙa wayar ya yi, ya hango mutum mai kan kare, ya yi salati. "Mi na na? Kawo in duba, kar su koya miki shirka." Kwana uku yana dubawa.

2. Yi noma yadda ka gāda.
Zakiyya ta ce, "Baba, su ba su da damina. Kogi ka cika ya janye, sannan a yi shuka."
"Ke, tun ba a haihe ki ba nike noma Dundaye!"
Ya riƙe iri yana jiran hadari. Kogin Nilu ya cika, ya janye, ƙasa ta bushe, Sodangi na nan yana duban sama. Ilimin yaro ba abin dogaro ba ne, musamman in gaskiya ne.

3. Tsare aƙida.
Talakawanka za su nemi ɗakin bautarsu. Hana su. Sodangi da ya rasa maɓallin gina masallaci, sai ya yi musu rumbuna tara, duk wayam.

4. In 'yarka ta fara kuka, yi mata wa'azin haƙuri.
Kada ka saki wayar.

5. Halarci makaranta da babbar riga.
Ranar Litinin iyaye suka taru, Malama Gloria ta haska garin kowane yaro a bango. Na Zakiyya saura mutum biyu da akuya. Aka tambaye ta dalili, ta share hawaye.
"Malama, ba ni ta ba. Baba yaz zama Fir'auna, shi yak kashe su da yunwa."

Hattara: ni jagora ne kawai. In masu adaidaita sun fara gaishe ka da "Fir'auna, ya gona?" kamar yadda suke yi wa Sodangi har gobe, ban san ka ba.