Sarkin Randar Barmo

Barmo ba ya amsa gaisuwar safe sai ya marmasa wa kifayensa dusa. 'Yan ƙanana ne, ba su fi yatsa ba. Ya kwashe su daga tafkin Tarka da ya ga ruwan na ƙafewa, ya zuba a tsohuwar randa a gindin aduwa, yana so su kai damina ya mayar da su tafkin ya samu iri. Wata rana ya ce randar ta rasa babba, kifi guda mai cika ido. Maganar ta kai kunnen Raliya, 'yar kawunsa, taubashiyarsa tun suna rarrafe.

"Da sanyin safe, da gajiya, da tsufa," in ji Raliya, tana sauke wani ƙunshi a gabansa. Ƙwarya mai rufin faifai kuwa ta ajiye a bayanta.

"Lafiya lau. Tsufan ke kika shigo da shi, ki koma da abinki."

"Bawa, tashi ka karɓi kayan uwargijiyarka. Sarki na kawo wa talakawanka."

Ta kwance ƙunshin. Busasshen hogen laka ne, girmansa ya kai kan ɗan akuya.

"Wannan sarki ne ko ƙasar gini?"

"Gaiwa ce a ciki, da hannuna na tono ta a tsakiyar tafki. Ba ta magana, ba ta aiki, rani duka barci take. Na ce wannan jinin Barmo ce."

"Barcin kika gani. Farkawar fa?"

"Jefa ta a ruwa, kafin la'asar ta miƙe, tsawon kamu guda. Ko kwamandan Tanut bai ajiye irinta ba."

"Kwamandan ma, ranar da yake barci muke shan fura da daɗi."

"Tsoro kake ji."

"Ni da na hau kada daga nan har Falanko?"

"Kada a nan ƙasar Damargu? Jakin babana ne, shi ma a cikin ƙaya ya sauke ka."

Barmo ya leƙa randar. Ƙin kyautar taubashi abin faɗa ne a bakin rijiya har kaka. Amma ya san haƙoran gaiwa. Idan ta farka a nan, ba za a daɗe ba randar ta zama ta mutum ɗaya.

"Raliya, ni idan zan zaɓi babba, baki nake dubawa. Wanda bakinsa zai ɗauki maƙwabcinsa, ba na so."

"Shi ya sa ba ka aure ni ba."

"Ban faɗa ba."

"To ka ƙi kyautar 'yar kawunka ke nan. Yau mata za su sha labari."

"Wa ya ƙi? Na karɓa hannu biyu. Sai dai mai sarauta ba ta sauka a wurin talakawa. Gidan manya za a kai ta. Randarki ta ruwan sha ta fi wannan sanyi, ku yi ta hira. Haƙoranku ma iri ɗaya, nata ne dai suka fi yawa."

Ya miƙe a hankali, ya rungumi hogen, ya nufi ƙofa. Raliya ta damƙe masa gefen riga, tana dariya har kallabinta ya zame.

"Ajiye, ja'iri. Jikokina na tsoma hannu a randar nan."

Ta jawo ƙwaryar, ta ɗaga faifan. Karfasa ce mai faɗin tafin hannu, wuyanta ja-ja, tana kaɗa fiffike a nutse.

"Attahir ɗana ya zo da ita daga kudu a cikin tulu. Duba bakin, tunda kai mai duban baki ne."

Barmo ya daɗe yana dubawa.

"Ɗan tsut. Ba ta biyo uwargijiyar ba."

Ya karkata ƙwaryar a bakin randa. Ƙananan suka watse, can suka dawo ɗaya ɗaya, suna tsintar dusa a gefenta. Ko kallonsu ba ta yi ba.

"Gaiwar fa?" in ji Raliya.

"Inda kika tono ta zan mayar, in binne."

Ya ɗauki fartanya, ya kai ƙofar zaure, ya jingine ta, ya dawo ya sake tsugunawa a bakin randar. Hogen na nan inda ya ajiye shi, a ƙarƙashin rumbu.

"Bar ta," in ji Raliya. "Ai ba ta ma san ta yi tafiya ba."