Rasuwar 'Yan Huɗun Motar Umma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushinku bai gama sauka daga cikinta ba, iyalan Umma ungozoma ke sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar tayoyi huɗu na motarta mai aiki da lantarki, waɗanda aka fi sani a gida da 'Yan Huɗu. Kada wani ya dafe ƙirji ya ce yanzu yake ji. A gabanku aka yi komai. Kuna tsaye a ƙofar gida ranar da aka cire su da ransu da lafiyarsu, wasunku na tafi, wasu na ɗaukar hoto, kuma ba a samu mutum ɗaya da ya buɗe baki ya tambayi laifin da suka yi ba.

Marigayan sun zo tare da motar, shekara guda da rabi da suka wuce. Inci goma sha bakwai ce kowacce, sirara, marasa kwalliya, daidai girman da masu ƙera motar suka rubuta a takardar da ke manne jikin ƙofar direba, takardar da duk gidan nan babu wanda ya taɓa sunkuyawa ya karanta. Ba su da hayaniya. A kan kwalta abin da ake ji daga gare su bai wuce "shuuu" ba, kamar mai lallashin jariri. In sun hau tsakuwa su ce "tas-tas-tas" a hankali. In sun faɗa rami su haɗiye shi su wuce, ba su taɓa kai ƙara wurin ƙashin bayan Umma ba.

Aikinsu kuwa ba ƙarami ba ne. Sau uku a mako suke kai Umma ƙaramin asibitin da take karɓar haihuwa, kilomita saba'in daga gida, su kuma dawo da ita. Can babu wurin jona mota, don wutar rana da asibitin ke da ita da ƙyar take riƙe firjin magani. Cajin da ta fita da shi, da shi za ta dawo. 'Yan Huɗu sun san haka, shi ya sa suke cin wuta da tsantseni, har su rage mata kusan kashi goma sha biyar cikin ɗari. Wannan ragowar Umma ba ta taɓa dawowa da ita gida ba. A hanyar komowa takan ratse ƙauyukan da ke gefen titi ta leƙa masu jego, ta duba cibiyar jariri, ta taɓa goshin uwa, ta yi wa kakanni faɗa a kan rufe taga. Da yawa daga cikin yaran da ke rarrafe a ƙauyukan nan, ƙafafun marigayan ne suka kai musu ita.

Ajalinsu ya zo ne ta hannun masoyi. Babban Yaya, ɗan farin Umma, mutumin da ko kanti zai je sayen ashana sai ya goge takalmi, ya daɗe yana cewa motar mahaifiyarsa na ba shi kunya a wurin ajiye motoci. Da Umma ta cika shekara talatin tana aiki, sai ya shirya mata kyautar ba-zata. Ya ari motar da sunan wanki, ya dawo da mai faci da wasu tayoyi faffaɗa, inci ashirin, a kan rim, wato ƙarafan da taya ke zama a kansu, masu sheƙi da mutum zai iya gyara hularsa a jikinsu. Mai faci, Allah ya saka masa, ya shafa haƙoran tsofaffin ya ce, "Yallaɓai, waɗannan fa da sauransu." Babban Yaya ya ce ba ƙarewa suka yi ba, zamaninsu ne ya wuce. Sannan ya kira Umma ta fito, ya buɗe hannu ya ce, "Umma, yau motarki ta shiga sahun manya."

Umma ta zagaya motar sau ɗaya. Ta dubi tayoyin, ta dubi fuskar ɗanta da ke ta walƙiya fiye da rim ɗin, ta ce, "Sun yi kyau. Allah ya yi albarka." Duk wanda ya san Umma ya san in abu ya yi mata, tsiya take fara yi masa. Ranar ba ta yi tsiya ba, kuma kun lura, amma kuka ci gaba da tafi.

Magadan sun kama aiki da ruri. "Wuuuu" tun daga ƙofar gida har asibiti, ga "gwaram" a kowane rami, har kwalaben da ke jakar aikin Umma suka koyi rawa. Ga nauyi, ga faɗi, ga ci. Ranar farko Umma ta shigo gida da kashi uku, ba ta kuma ratse ko'ina ba. Ta daina kunna sanyi. Ta rage gudu har masu keke suna gaishe ta su wuce. Ta fitar da darduma da bokiti daga but ɗin motar don rage kaya. Ba ta gaya wa kowa ba, don kada kyautar ɗanta ta ji kunya. Sai Larabar makon jiya, da iska ta taso mata ta gaba, motar ta tsaya cak kilomita huɗu kafin gida da la'asar sakaliya, mai tarakta ya jawo ta cikin unguwa, rim na ta ƙyalli, Umma na riƙe da sitiyari tana amsa sannu.

A daren, a'a, tun kafin ta cire takalmi ta ce a fito mata da 'Yan Huɗu. A nan ne aka gane cewa mako shida da aka jingine su a bayan gida ba hutu suka yi ba. Mai faci ya raba su da rim ɗinsu tun ranar farko, kowa kuma ya ga taya ba mai ita. Ta farko, Goggo ta yanke mata baki ta cika ta da ƙasa, yanzu na'a-na'a ce ke tsiro a cikinta. Ta biyu, Kawu ya binne rabinta a bakin get ya shafa mata farin fenti, don maƙwabci ya daina ajiye masa mota a gaban ƙofa. Ta uku an huda ta wuri uku an rataye a bishiya, jikoki na lilo. Ta huɗu ba a ga gawarta gaba ɗaya ba, sai dai mai gyaran takalmi na bakin layi ya yi mako biyu yana yi wa mutane sabon ƙasan takalmi mai ƙarkon da ba a saba gani ba. Wasu daga cikin masu karanta wannan sanarwa a kan marigayiyar suke tsaye yanzu haka.

Sun rasu sun bar mota ɗaya mai ciwon gwiwa, da batir da ke kwana da yunwa, da Babban Yaya wanda tun Laraba bai goge takalmi ba. Sun bar wata mai haihuwar fari a ƙauye na biyu daga titi, wadda ta aiko sau biyu cewa jaririnta ba ya kama nono sosai, Umma kuma ta yi mata alƙawarin zuwa ranar Litinin. Sun kuma bar rim uku na asali, da aka tsinta a ɗakin ajiya ƙarƙashin tsohuwar katifa.

Uku muka ce. Mai faci ya samo sababbin tayoyi masu girman marigayan, masu iya ɗaukar nauyin batir, ya kuma yarda ya karɓi masu ƙyalli a madadinsu. Amma taya ba ta zama a kan iska, kuma ya zagaye duk masu kayan mota bai samu rim daidai girmansu mai ramukan noti biyar irin na motar ba. Na huɗun yana gidan ɗayanku. An ce an ga mai kama da shi an dasa masa sandar shanya. An kuma ce an ga wani a ƙarƙashin randar wani gida, ya zauna daram kamar don ita aka ƙera shi. Ba mu ambaci suna ba, ko da yake Goggo ta ambata.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a ƙofar gida. Babu ɗaukar gawa, tunda kowacce ta riga ta samu makwanci, kuma Goggo ta ce duk wanda ya taɓa mata na'a-na'a zai bi su. Babban Yaya ne zai durƙusa ya ɗaga motar da jak da hannunsa, sanye da fararen kaya in ya ga dama. Kawu zai riƙe notuna. Za a karanta takardar jikin ƙofar direba da babbar murya, sau biyu, don amfanin waɗanda ke baya. Ba a buƙatar kujeru, ba a buƙatar doguwar ta'aziyya, masu hoto kuma su bar wayoyinsu a aljihu.

Kai da rim ɗin ke gidanka, sauke randarka a ƙasa, ko ka kwance igiyar shanyarka, ka wanke shi ka mirgino shi kafin goma ta buga. Ba za a tambaye ka komai ba, har ruwa za a ba ka. Ke kuma da kike hango shi ta katanga kullum in kin fito shara, tashi yanzu ki ƙwanƙwasa wa mai gidan ƙofa. Ƙarfe shida na safiyar Litinin Umma za ta tayar da mota, kuma akwai jaririn da ke jiranta. Ku kawo rim ɗin.