Rasuwar Jan-baki, Wuƙar Kofur Nemani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wata godiya da na rasa inda zan ɓoye ta, ni Torika, matar Kofur Nemani na ofishin 'yan sandan nan bakin gaɓa a tsibirin Kadavu, nake sanar da dangi da maƙwabta da 'yan cocinmu, da duk wanda ya taɓa yi mata dariya, cewa Jan-baki ta riga mu gidan gaskiya. Ta rasu ranar Alhamis da hantsi, a bakin aiki, a ƙarƙashin ruwa, a hannun mai ita. Ta shekara huɗu a aljihu ɗaya, abin da babu wata wuƙa a tarihin danginmu da ta taɓa yi.

Marigayiya ita ce ta uku a gidan nan. Babbar yayarta ni na saya wa mijina, Baban Unaisi, lokacin da ya zama kofur, baƙa wuluk, mai nauyi a hannu. Ba ta yi wata guda ba Kawu Josateki ya zo shan yangona, jiƙon saiwar nan da maza ke taruwa su sha, ya ɗauke ta daga kan tabarma, ya juya ta, ya tafa hannu cikin ladabi ya ce, "Ɗana, kerekere." Kun san sauran labarin: kerekere roƙon dangi ne da ba a hanawa. Mutumin da yake raba mashaya uku shi kaɗai a bakin kasuwa ba zai iya buɗe baki ya ce wa ƙanin mahaifiyarsa a'a ba. Na sake sayen wata baƙar. Ita kuma taubashinsa Isoa ne ya raba mu da ita, shi ko tafin ma bai tsaya yi ba. Cewa ya yi, "Kai da kake da sanda da ankwa da usur, me za ka yi da wuƙa kuma? Kawo in rage maka kaya, kada ƙugunka ya karye." Ya sa ta a aljihu, ya ci abincina, ya tafi.

Ba rowa ce ta dame ni ba, Allah ya sani, domin ni ma na ci moriyar roƙon dangi, tukunyar da nake dafa gwaza ma ta wannan hanyar ta shigo. Abin da ya dame ni shi ne na san aikin mijina. Ba bindiga gare shi ba, kuma rabin aikin ɗan sanda a tsibirin nan a cikin kwalekwale yake, tsakanin igiyoyi da taru. Ina yarinya na ga an fito da wani masunci daga ruwa da igiyar anka, ƙarfen tsayar da kwalekwale, naɗe a ƙafarsa, ban manta ba har yau. Duk safiyar da Baban Unaisi ya fita aljihunsa fayau, wannan ƙafar nake gani.

Saboda haka na hau jirgin ruwa zuwa birnin Suva, na shiga kantin wani dattijo mai suna Jayantilal, na ce masa wuƙar ɗan sanda nake nema.

"To 'yar'uwa," in ji shi, "ki nemi wadda babban yatsa zai buɗe shi kaɗai, domin ɗaya hannun ɗan sanda kullum yana riƙe da wani abu, ko wani mutum. In ta buɗe ta kulle, kada ta dawo ta ci yatsa. Rabin bakinta ya zama zarto saboda igiya. Ƙarfen kuma ya zama wanda gishiri ba ya ci." Sai ya jere mini baƙaƙe masu kyau a kan tebur, irin waɗanda Kawu Josateki zai tafa wa hannu tun daga bakin ƙofa.

Na ce, "Baba, duk na ji. Yanzu nuna mini wadda tun da ka ajiye ta babu namijin da ya taɓa cewa miƙo in gani."

Ya dube ni ta saman tabaransa, ya daɗe yana dubana, sannan ya sunkuya can ƙasan kanta ya zaro wani kwali mai ƙura. Ƙotarta ruwan hoda ce shar, irin launin alewar yara. "Ƙarfe ɗaya ne da waɗancan," in ji shi, "amma 'yar'uwa, kina son mijin nan kuwa?" Na ce masa ya naɗe mini ita.

Ranar da ta shigo gidan nan ba a yi mata guɗa ba. Baban Unaisi ya buɗe kwalin, ya rufe, ya sake buɗewa. "Maman Unaisi, me na yi miki?" Na ce babu abin da ya yi mini, ya sa ta a aljihu kawai. Washegari Saja Ravuama ya raɗa mata suna a gaban kowa. "Kofur, in ka gama shafa jan-bakin nan ka ara wa matata, muna da biki ranar Asabar." Sunan ya bi ta har kabari. Isoa ya zo da yamma da niyyar da muka sani, ya ɗauke ta, ya ga launin, ya mayar da ita a hankali kamar wanda ya ɗauko rigar surukarsa bisa kuskure. A ranar na san na yi zaɓi.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da gori. An yi mata dariya a ofis, an yi mata a kasuwa, har wani da aka kama da satar rogo ya roƙi arziki kada a fito da ita a gaban mutanen ƙauyensu. Ba ta taɓa ramawa ba. Ta kwance aladen da gida biyu suka ɗaure suna rigima a kansa, ta fitar da kunkurun teku daga taru, ta yanke bel ɗin wani direba da motarsa ta kife a hanyar gona. Ta fere mangwaron da ba ya ƙirguwa, yawancinsa a lokacin aiki, wannan kuma Saja ya sani domin tare suke sha. Ba ta taɓa nuna bakinta ga ɗan Adam ba. Ba ta da yawan magana: in za ta fara aiki ta ce ƙyas, in ta gama ta ce tak. Kowace safiya kafin ya fita nakan ji su biyun daga kicin, ƙyas, tak, sai hankalina ya kwanta.

A shekararta ta ƙarshe ta yi fama da ciwon gaɓɓai, sanadin gishiri. Mutumin da a da yake ɓoye ta a bayan tafin hannu shi ne ya koma yana zama a bakin ƙofa yana ɗiga mata man kwakwa, yana goge ta da gefen zanensa. Na taɓa ce masa ni ban samu irin wannan kulawar ba lokacin da na haifi Unaisi. Ya ce ni ai ban taɓa yin tsatsa ba.

Ga yadda ajalinta ya zo. Ranar Alhamis ɗin teku ta tashi, injin Isoa ya mutu kusa da duwatsun da ruwa ke fashewa a kai. Saja da Baban Unaisi suka fita da kwalekwalen ofis. Baban Unaisi ya tsallaka cikin na Isoa don ya ɗaura igiyar ja, sai wata taguwar ruwa ta juya su, igiyar anka ta naɗe masa idon sawu ta fizge shi ƙasa. Saja ya yi ihu, "Isoa, wuƙa! Yanke igiyar!" Isoa ya laluba aljihu. Baƙar wuƙar nan mai kyau tana can wani tsibiri, wani surukinsa ya tafa mata hannu tun bara.

A can ƙasa, hannun hagun mijina yana riƙe da dutse don kada ruwa ya tafi da shi. Babban yatsansa na dama ya yi abin da ya saba yi kowace safiya. Ya ce bai ji ƙyas ɗin da kunne ba, a tafin hannu ya ji shi. Ta ci igiyar da zartonta, zare bayan zare, da ciwon gaɓɓan nata da komai. Tana raba zaren ƙarshe ruwa ya maka su da dutse, ta karye daga wuya. Saja ya ce cikin kumfar nan babu abin da yake gani, sai wani abu ruwan hoda ya ɓullo a cikin dunƙulen hannu, shi ya hango ya cafko wuyan hannun.

Ya dawo gida yana ɗingishi, ruwa na zuba daga kayansa, ya ajiye ƙotar a kan tabarma a gabana. "Maman Unaisi, ta mutu." Na ce Allah ya ji ƙanta. Daga nan na shiga kicin na yi kukan da na daɗe ban yi irinsa ba, gwaza kuwa ta ƙone a kan wuta.

Marigayiya ta bar miji ɗaya mai kumburarren idon sawu, da dutsen wasa wuƙa wanda yanzu ba shi da aikin yi, da aljihun dama wanda maƙalinta ya cinye wa baki. Ta bar yayye biyu baƙaƙe da ke zaman aure a gidajen dangi, ba mu da cikakken adireshinsu. Ta bar kuma tsohuwar addar gona, wadda ba su taɓa shiri ba.

Wajibi ne in sanar da abin da ya faru a zaman makoki, don kada ku ji shi a bakin wasu da ƙari. Isoa ya zo, wannan karon da tafinsa da sunkuyar da kai. "Taubashi, kerekere. Ko ƙotar ce ka ba ni in rataya a kwalekwale, abin nan yana da sa'a." Baban Unaisi ya dubi ƙotar, ya dube shi, ya ce, "Taubashi, a'a." Mai miƙa ƙwaryar yangona ya tsaya cak da ita a hannu. Kawu Josateki ne ya cece mu, ya fashe da dariya ya ce, "Kai Isoa, wa ya taɓa roƙon gawa? Zauna ka sha."

Abin takaicin shi ne yanzu kowane namiji a gaɓar nan ruwan hoda yake so, har Saja ya aika Suva. Kun ɓata mini dabara. Zan koma wurin Jayantilal in nemi wadda ta fi ta muni, kuma ina roƙon dangi kada kowa ya tambaye ni launin magajiyarta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da la'asar, a gindin mangwaron bayan gidanmu. Bakinta yana can teku ta riƙe, ƙotar kaɗai za mu binne. Ba sai an kawo tabarmin naɗe gawa ba, an riga an yanka mata ƙyalle daga tsohon zanen aikin Baban Unaisi. Fasto ya ce ba zai yi addu'a a kan wuƙa ba, amma zai biyo ta nan daidai lokacin da aka sauke kifi daga wuta. Saja Ravuama zai sara mata, kuma an hana shi yin jawabi. Masu zuwa su zo da wuƙaƙensu na yanka rogo, gidan nan ba ya bayar da aro a wannan makon.

Baban Unaisi ne zai haƙa kabarin da hannunsa, ni kuma zan tsaya ina kallonsa yana haƙawa. Tsawon ramin taƙi ɗaya ne. Tun ranar Alhamis nake gode wa Allah da ba wanda ya fi haka tsawo za mu haƙa ba.