Alawar Gyaɗa a Cikin Takardun Ajina

Ba zan taɓa mantawa da Kirsimetin bara ba, ko da mutanen cocinmu za su yarda su bar ni in manta (kuma ba su da niyya).

Bari in fara da abin da nake ɓoyewa a lokacin. Ina da shekara arba'in da tara na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ni manomi ne, gonata tana Vimtim, muna zaune a cikin Mubi. Tun muna yara aka ba ni fartanya aka ba ƙanena fensir, ban kuma taɓa ƙorafi ba. Amma da 'ya'yana suka fara miƙo min takardar sakamako ina jujjuya ta ina cewa "madalla" ba tare da na san abin da ke ciki ba, sai abin ya fara cina. Na je aka rubuta sunana. Matata Saratu kaɗai ta sani. Yaran kuwa, Rifkatu mai shekara goma sha biyu da ƙanenta Iliya, na ce musu duk Talata da Alhamis taron manoma nake zuwa. Babban tsorona shi ne su gane babansu yana fama da abin da Iliya ya wuce tun aji biyu.

Littafin rubutuna na farko da ya cika, sai na cusa shi cikin tsofaffin littattafan yaran a kan kabad. Bangonsu iri ɗaya ne. A ganina na yi dabara.

Saura kwana biyu Kirsimeti Saratu ta ce bana gyaɗa ta yi kyau, mu yi alawa da yara mu raba wa mutanen coci. Muka zauna a tsakar gida. Ta soya gyaɗar a yashi mai zafi, Iliya yana murzawa, Rifkatu tana sheƙe ɓawon a faifai. Ni aka ba juya sukari a tukunya, saboda aiki ne na mai haƙuri, idan ka yi gaggawa ya ƙone ya yi ɗaci. Da ya yi ja muka zuba gyaɗar, muka juye a tire da aka shafa wa mai, muka danne da kwalba, aka yayyanka tun da sauran ɗumi.

Saratu ta ɗauko leda, Rifkatu ta ɓata rai.

"Mama, a leda ai kamar ta sayarwa ce. A makarantar Lahadi an nuna mana, takarda ake naɗewa a ɗaure da ulu a zana tauraro."

Na ce wannan mai sauƙi ne. Na shiga ɗaki na zaro tsohon littafi ɗaya daga kan kabad, na kife shi, na yi ta yage shafuka ina naɗewa, idona yana kan Iliya da ke jefa alawa a baki duk lokacin da mamansa ta juya. Bayan shafukan fari ne tas (ni gefe ɗaya nake rubutu, don ina danna fensir kamar mai kaftu a gona). Ko wannan bai sa na farga ba. Shekara arba'in takarda a wurina abin ƙunshe ƙosai ce, hannuna bai saba juya ta ya duba ba. Na naɗe, yaran suka zana taurari suka ɗaure. Ƙunshi talatin da wani abu.

Ranar Kirsimeti bayan an tashi sujada, mutane suna gaisawa a gindin dogon yaro, yaran suka shiga rabo. Ina tsaye cikin sabuwar rigata ina karɓar godiya. Sai Mama Kuve, shugabar zumuntar mata, tsohuwar malamar makaranta wadda ba ta iya magana a hankali ba, ta cinye nata ta shimfiɗa takardar a cinya.

"Yohanna Tizhe," ta karanta. "Wannan ba Baban Rifkatu ba ne?"

Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci tana sa mu rubuta cikakken suna a saman kowane shafi. Kowane shafi.

"Uku bisa goma," in ji Mama Kuve. "An rubuta da jan biro, 'Ka dage, Baba.'"

Nan take kowa ya fara kwance ulu. Wani ya ce shi biyar ya samu. Wata ta ce nata bakwai ne, ta fi shi sa'a. Fasto ya gyara tabarau ya karanta nasa: "Sunana Yohanna. Ina da mata ɗaya. Ina da akuya biyu." Ya ɗago kai. "Baban Rifkatu, matar mun yarda. Amma akuya uku muke gani a ƙofar gidanka."

"Ta haihu daga baya, Fasto," na ce. Muryata ni kaina da ƙyar na ji ta.

Mama Kuve ta karɓe takardun ta jera su bisa kwanan wata, ta sanar wa jama'a cewa daga uku na kai takwas cikin wata biyar, ita ta koyar da yaran da ba su yi haka ba. Aka tafa min. Na so ƙasa ta buɗe. Ba dariyar manya ce ta dame ni ba. Rifkatu da Iliya suna tsaye a gefe da kwandon da babu komai, sun ji duka.

Muka kama hanyar gida har muka wuce masu babur. Na yi gyaran murya.

"Taron manoman nan da nake zuwa..."

"Baba, tun Ista muka sani," in ji Rifkatu. "Wane taron manoma ake dawowa da alli a hannun riga?"

"Ni ne ma nake fere maka fensir," in ji Iliya.

"Na ɗauka mamanku ce."

"Mama karyawa take yi."

Saratu ta kai masa duka da mayafi tana dariya. Na tambaye su me ya sa ba su taɓa faɗa ba. Rifkatu ta ce ta ga ina jin daɗin ɓoyewar, shi ya sa suka bar ni. Sannan ta kama hannuna.

"Ukun nan dai ba mu sani ba, Baba. Da ka kawo mun taya ka."

Yanzu a tabarma ɗaya muke aikin gida mu uku, kuma Iliya ya fi malamarmu tsanani. Abin da na koya, idan har ka wahala ka iya karatu, to ka karanta takarda kafin ka ƙunsa wa mutane abu a ciki. Asiri kuma, a gidan da akwai yara, kai kaɗai ne kake zaton kana da shi.