Yadda Na Zama Malam Minti Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da soja suka koma bariki ba, don a cikinta na sha wata kunya da har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai.

Lokacin ina koyar da buga takardu a wata 'yar makarantar kwamfuta a Makera. Mai makarantar, Alhaji Sabo, ɗan kasuwa ne da bai san komai game da kwamfuta ba, don haka duk abin da na faɗa ya zauna. Injiniya yake kirana (kwas na wata uku na yi, amma ban taɓa ce masa ya rage ba). Ya yi mini alkawarin shugabancin sabon ɗakin kwamfuta in bikin buɗewa ya tafi lafiya. Na sa kujerar nan a raina ƙwarai, har sabuwar shadda na ɗinka.

Babbar kwamfutar ɗakin kuwa wata Madam Rifkatu ce ta haɗa ta, injiniya ta gaske da ke zaune a Rido. Ranar biki tana can baya cikin baƙi tana shan lemo, ni kuma ina gaba kusa da sabon kansilanmu.

Bayan an yi addu'a sai rawar kai ta motsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, bari ka ga yadda ake ƙara wa kwamfuta sauri." Na buɗe jerin manhajojin da ke aiki, na hango wata 'yar mitsitsiya da ba ta tsinana komai, sai dai lokaci-lokaci ta motsa ta koma ta kwanta. Na ce wannan 'yar zaman banza ce, na kashe ta. Aka tafa mini.

Kansila ya zauna zai rubuta sunansa da yatsa ɗaya. Yana tsakiyar sunan sai allo ya yi baƙi, kwamfuta ta sake tashi daga farko.

Na ce, "Wuta ce ta yi rawa." (Fanka na ta juyawa a kanmu lafiya lau.)

Da ta gama tashi na duba, sai ga 'yar banzar nan ta dawo. Na juya na sanar da jama'a cewa na kama bairos, na sake kashe ta. Bayan minti ɗaya allo ya sake yin baƙi. Sau huɗu muna haka, kansila bai taɓa kai ƙarshen sunansa ba, shaddata kuwa ta jiƙe sharkaf.

Sai Madam Rifkatu ta taso da kwalbar lemonta. Ta ce, "Injiniya, me kake ta kashewa ne tun ɗazu?"

Na nuna mata. Ta danne dariya da ƙyar.

Ta ce, "Ai 'yar aiken kanel ce. Kanel ita ce zuciyar tsarin gaba ɗaya, amma ba ta leƙawa ta ga ko 'yar aiken na nan. Jira kawai take 'yar aiken ta ƙwanƙwasa mata. Duk sanda aka ƙwanƙwasa mata, sai ta koma ta fara ƙirga sittin daga farko. In ta kai sittin shiru, sai ta ɗauka komai ya cushe, ta sake tayar da injin. Kai kuma da ta dawo da ita sai ka sake korarta."

Kansila ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Wato in an kwana biyu ba a ji ɗuriyar mutum ba, sai a sake zaɓe. Madam, na ji gargaɗi."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ban san sanda ni ma na fashe ba.

Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Minti Ɗaya, ba Madam wuri." A nan take ya ba ta kujerar, sunan kuma ya bi ni har gida, don da shi matata take kirana cin abinci.

Washegari na sayi sabon littafin rubutu na zauna a bencin gaba, tsakanin ɗalibaina na jiya, ina sauraron Madam. Shekara biyu na yi a hannunta, kuma ban taɓa jin daɗin karatu kamar lokacin ba. Tun daga ranar, in na ga abu zaune kamar ba shi da aiki, sai na nemi wanda ya ajiye shi na tambaya tukuna, kuma ba a gaban kansila ba.