Jirgin da Ke Cikin Waya

Jama'a, jiya na je karɓar buhun takin da aka rubuta sunana, na dawo da rana a ka kawai. Masarata a Kahu ta yi ɗorawa kamar mai shawara, ita take jiran wannan buhu.

Ga yadda aka yi. An ce mu bar wayoyinmu a kunne, za a kira kowa ranar rabo. To wuta kuwa rabonmu da ita tun kafin shuka. Sai na kai kukan cajin wayata wurin maƙwabcina Kawu Ja'afaru, wanda yake ganin kansa injiniya don ya taɓa gyara rediyo.

Ya ce, "Malam, wayarka ce ke da baki da yawa. Kashe data, kashe bulutut, kashe wayifai. Kai, danna ɗan jirgin nan ma, shi ke rufe su gaba ɗaya."

Na danna. Wallahi caji ya kwana huɗu bai motsa ba! Har a masallaci na yaba wa Kawu. Ban san na toshe kunnen wayar ba ne, ko uwata ta kira ba za ta same ni ba.

Da na ji babura na wucewa da buhunan taki, na runtuma Kibiya inda ake rabon. Na tarar da Mai Girma Babban Mai Riƙe da Makullin Sito a gindin darbejiya, yana shan fura.

Ya ce, "Sau bakwai na kira ka da hannuna, a kashe. Mun ba wani mai kishin ƙasa."

Raina ya ɓaci, na fara tsine wa Kawu a zuci. Sai wayar Mai Girma ta yi haske a kan tabarma. Me zan gani a samanta? Ɗan jirgi, irin nawa sak!

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai taka ma jirgin ne a kai. Da me ka kira ni?"

Ko gezau bai yi ba. Ya lashe ludayi, ya ce, "Wannan tun ranar da aka rantsar da ni yake nan. Mutane sun cika damu."

Ni dai na sauke nawa jirgin, ga masara tana kallona. Na su Mai Girma kuwa, in wani ya ji ranar da zai sauka, don Allah ya aiko mini a baki, kada ya kira.